Ranar da Na Wanke Finjali Arba'in Saboda Saruk

Jiya muna cin abinci Faisal ya miƙo min wayarsa yana dariya har yana ƙwarewa, wai in ga abin da Turawa suke yi. Mota ta tsaya a tagar shagon kofi, kare ya leƙo da kai, mai shago ya matsa masa kirim a ɗan kofi kyauta, ya lashe har hancinsa ya yi fari fat. Ku duka kuka ɗauka, "Mashallah, Ammu Haruna, dubi ci gaba!" Ci gaba? Ni na yi wannan a hanyar Awali, a nan Madina, tun ba a haifi rabinku ba, kuma saura ƙiris ya mayar da ni Damagaram da jaka ɗaya. Tunda ku ma jikokin Kawu Idi yanzu kun shiga sana'ar kofi a can wajen filin jirgi, kuna danna maɓalli inji yana yi muku komai, kuna cewa aikin ba wuya, to ku ajiye wayoyin nan ku ji.

Aikin farko da kakanku ya ba ni shi ne suya. Kawu Idi ɗan'uwan mahaifiyata ne, a nan Madina aka haife shi, kuma yana da ɗan shagon gahawa a Anbariyya da ya gada wajen babansa. Washegarin saukata ya miƙo min kasko mai dogon hannu da cokalin ƙarfe da ɗanyun 'ya'yan gahawa. Ni kuwa na ce ai suya suya ce, na soya su kamar gyaɗa, har na ƙara musu wuta don in burge shi. Ya zo ya leƙa kaskon, ya shaƙa, ya ce, "Ya Haruna, gahawa na ce ka yi min ko gawayi?" Ashe tasu ta nan ba a barin ta ta yi baƙi, da ta fara launin ƙasa-ƙasa mai haske ake sauke ta. Wata uku cur ban taɓa komai a shagon nan ba sai kasko.

Daga kasko aka kai ni turmin tagulla, inda ake daka gahawa da hel, 'ya'yan ƙamshin nan da ake sa mata. Daga turmi sai dalla, butar nan mai dogon baki. A nan ne sana'ar take, ku da kuke ganin zuba ruwa a kofi ne kawai. Dalla a hannun hagu, finjali, ɗan kofin tangaran ɗin nan marar mariƙi, a hannun dama. Ba a cika finjali, ɗan kaɗan ake zubawa a gindinsa, domin idan ka cika wa mutum tamkar ka ce masa ya sha ya tashi ne. Idan ya sha ya miƙo maka finjalin a tsaye, ƙari yake so. Idan ya ɗan girgiza shi tsakanin yatsunsa, ya ƙoshi. Kawu ya fi shekara yana maimaita min magana ɗaya: "Hannun zabun za ka kalla, ba bakinsa ba." Zabun shi ne mai saye, kun sani. Finjalan shagon guda arba'in ne, farare masu zoben ruwan zinare a baki, duk kamar an haife su rana ɗaya. Babansa ne ya bar masa su, kuma ko ɗaya bai taɓa fashewa a hannunsa ba.

Bayan na yi kamar shekara goma sha biyu tare da shi aka fara yayin kushk, ɗan akwatin shago a bakin titi wanda mutum zai saya yana cikin motarsa. Kawu ya buɗe namu a hanyar Awali, inda gonakin dabino suke. Ɗaki ne da idan na yi atishawa sai na bugi bango. Taga biyu gare shi. Ta dama ta samari ce, akwai injin Italiya mai huci da kofunan takarda. Ta hagu kuwa Kawu ya rantse ba zai bar ta ba: dalla da finjali, don dattawan da ba sa shan gahawa a takarda. Su tsayar da mota, a miƙa musu finjali da dabino, su sha, su girgiza, su wuce. Shugabansu shi ne Ammu Salim, Ammu ɗin wato baffa, tsohon malamin makaranta da ya yi ritaya. Shi ma jikan alhazai ne irin Kawu, Hausarsa rabi Larabci ce. Inda ya sha gahawa nan duk dattawan masallacin unguwar suke sha.

Ni aka bar wa bindigar kirim. Haka muke kiran gwangwanin ƙarfen nan da ake zuba madara mai kauri a ciki, a ɗaura masa ɗan harsashin gas, a girgiza, a kifa shi a danna, kirim ya fito yana kumfa. Ranar farko ban kifa shi ba na danna. Kirim ya tashi sama ya bugi rufi, ya dawo ya sauka a gemun Kawu. Ya tsaya yana ɗiga, sannan ya sa yatsa ya ɗanɗana, ya ce, "Sukari ya yi yawa." Daga baya na gane halinta. Bindigar nan ba ta son zafi, kuma Madina ba ta da wani abin da ya fi zafi yawa. Sai an binne ta cikin ƙanƙara, da ita da madarar. Girgiza kaɗan, ta fito ruwa. Girgiza da yawa, ta zama man shanu. Kuma duk ƙwarewarka, idan ta zo ƙarewa sai ta yi tari ta tofar da wani guntun kirim maras fasali da ba za ka ɗora wa zabun a kofi ba. Wannan guntun muke kira wutsiya, kuma zubar da shi muke yi.

Wutsiyar nan ce ta haɗa ni da Saruk. Akwai wani manomin dabino, Abu Nayif, Balarabe mai faɗin fuska da son dariya, da yake tsayawa kullum bayan La'asar a cikin wanet ɗinsa, wato a-kori-kura. A bayan motar akwai karen da ke gadin gonarsa, dogo siriri mai kunnuwa kamar tsumma. Sunansa Saruk, wai roka ke nan da Larabci, mai tashi sama a guje, amma ban taɓa ganin dabbar da ta kai shi son kwanciya ba. Wata rana bindiga ta yi tari, wutsiya ta faɗo a gefen motar. Saruk ya buɗe ido ɗaya, ya miƙa wuya, ya lasa. Jama'a, sai karen nan ya tashi tsaye! Jelarsa ta shiga kaɗawa tana bugun ƙarfen mota kamar ana kiɗan kalangu. Abu Nayif ya yi dariya har ya kifa kansa a sitiyari hon ya ɗauka.

Na tambayi Kawu ko in riƙa ba shi. Ya ce, "Mai rai ne, ba shi, ai zubarwa muke yi. Bas, sai dai sharaɗi biyu: kofin takarda, kuma abin da bakinsa ya taɓa ba ya shigowa kushk."

Shi ke nan, Saruk ya zama zabun. Tun daga kwanar titi yake miƙewa ya ɗora ƙafafunsa a kan rufin motar yana leƙe kamar mai duba wata. Da ya ji "fsss" sai rawa. In matsa masa wutsiya a ƙaramin kofin takarda, in ajiye a gefen wanet, ya lashe, ya bi kofin da hanci har ƙarshen mota. Wata rana Abu Nayif yana sauri ya wuce bai tsaya ba. Sai ga Saruk ya diro, ya dawo a guje, ya zauna a gindin tagata yana haki. Ranar kaɗai na ga dalilin sunansa. Kafin wani lokaci wasu manoma biyu su ma suka fara zuwa da nasu karnukan, har nakan ɓoye wutsiyar safe a ƙanƙara don ta isa kowa. Kyauta ce, ba mu taɓa karɓar ko sisi a kai ba, kuma wallahi a duk aikin yini babu abin da ke faranta min rai kamar wannan minti biyun.

To, ga ranar da na yi aika-aikar. Lokacin girbin dabino ne, zafi kamar a bakin tanda, motoci sun yi layi a tagogi biyu, Kawu kuma ya tafi karɓo maganin ƙafarsa. Ni kaɗai, hannu ɗaya a inji, ɗaya a dalla. Abu Nayif ya ga layin dama ya yi tsawo, sai ya biyo ta tagar hagu. Saruk ya fara kukansa na roƙo. Na laluba inda ƙananan kofunan takarda suke, babu ko ɗaya, sun ƙare. Na baya suna danna hon. Ban san lokacin da hannuna ya ɗauko finjali daga tire ba. Na danna fsss, na miƙa. Sai da na ga dogon harshen nan yana zagaya zoben zinaren baban Kawu sannan hankalina ya dawo jikina.

Amma ban ruɗe ba, domin na san abin yi. Inna ta koya mana tun muna yara a Damagaram cewa idan kare ya sa baki a ƙwarya, a wanke ta sau bakwai. Na karɓo finjalin, na buɗe famfo, na wanke shi ɗaya, biyu, har bakwai, ina ƙirgawa da ƙarfi. Na goge shi tas, na mayar da shi tire cikin 'yan'uwansa, ina jin kaina wani malami.

Motar da ke bayan Abu Nayif ta matso. Ammu Salim ne, kuma komai a kan idonsa aka yi.

"Ya waladi," ya ce, "finjalin da kalb ya sha, ka wanke?"

Na ce, "Sau bakwai, Ammu," har da ɗaga masa yatsu.

"Tayyib. Da turab?"

"Wane turab kuma?"

Ya cire tabarau. "Ƙasa, ya Haruna. Bakwai, ɗaya da ƙasa. Fen finjalin? Nuna min shi."

Na juya na kalli tire. Finjali arba'in suka kalle ni, kowanne fari, kowanne da zobensa. Fiye da shekara goma sha biyu ina Madina ban taɓa wanke abin da kare ya lasa ba, balle in san cewa mutanen nan sai an haɗa da ƙasa suke yarda abu ya tsarkaka. Ammu Salim bai yi faɗa ba. Ya mayar da tabaransa, ya ce "La haula," ya ja motarsa ba tare da ya sha komai ba.

Daga ranar tagar hagu ta mutu. Ammu Salim ba mai gulma ba ne, amma an tambaye shi a masallaci me ya sa ya sauya wurin shan gahawa, shi kuma ba ya ƙarya. Kafin sati labari ya yi ƙiba. Aka ce a kushk ɗinmu kare da dalla yake sha. Aka ce shi ke ɗanɗana kirim kafin a ba mutane. Wani direban tasi ya rantse min, bai san ni ne ba, cewa karen yana da tasa kujerar a ciki. Samarin tagar dama su ma suka fara raguwa, don iyayensu sun hana. Kirim ya riƙa tsami a cikin bindiga, gahawa tana hucewa a dalla har mu zubar. Ku da ba ku taɓa tsayuwa a taga kuna kallon motocin da kuka sani suna wucewa masu su na kau da kai ba, ba ku san mugunyar shekara ba.

Da Kawu ya zage ni da na ji sauƙi. Shiru ya yi min. Daga "miƙo" sai "ajiye". Rana ɗaya kawai ya yi doguwar magana, yana goge dalla bai kalle ni ba: "Idan muka kai Sha'aban a haka zan rufe. Iƙamarka kuma a kan kushk ɗin nan take, ka sani." Na sani sarai. In an rufe, takardar zamana ta tafi, sai gida. Tsoro ya kama ni sosai, ba zan ɓoye muku ba.

Na ce mu sayo sababbin finjalai. Ya ce, "Wa zai yarda sababbi ne? Kuma na babana in kai su ina?" Na ce to mu yi wa mutane bayani, ai malaman ƙasarmu sun ce bakwai da ruwa ya wadatar. Ya ce, "Malamanmu malamai ne, nasu ma malamai ne. Amma bakin da zai sha nasa ne, ba naka ba. Za ka tsaya a taga kana muhawara da mai jin ƙyama?"

Abu Nayif kaɗai bai daina zuwa ba, kunya duk ta ishe shi. Ni kuwa na daina ba Saruk komai. Ya miƙe, ya kaɗa jela, ya ji shiru, ya koma ya kwanta yana kallona ta gefen ido. Wannan kallon ya fi shirun Kawu ciwo.

Wata biyu muna haka. Ran nan bayan sallar Juma'a Kawu ya tari Ammu Salim a ƙofar masallaci, ya ce masa, "Da idonka ka ga ɓarna, ina so ka zo ka ga gyara da idonka." Ya amsa zai zo ranar Alhamis bayan La'asar. Kawu ya kuma roƙi Abu Nayif ya taho mana da 'yar ƙasa mai tsabta daga gonarsa, cikin leda ma ta isa.

Leda! Ranar Alhamis sai ga wanet tana tafe tana nishi, bayanta cike maƙil da jar ƙasar Awali, Saruk a zaune a kan tulin kamar ango. Abu Nayif ya sa shebur ya sauke ta kaf a gefen kushk, ya ce da Larabci, "Kada a ce ta gaza." Kawu ya riƙe baki. Tulin ya kai min ƙugu.

Aka shimfiɗa tabarma a bakin titi, aka kawo baho biyu da jarkokin ruwa. Ammu Salim ya iso da dattawa shida, aka ba shi kujera, ya zauna da carbinsa kamar mai duba jarrabawa. Na durƙusa, na naɗe hannun riga. Tunda ba a san wanne ne ba, duka arba'in ɗin za a wanke, kowanne sau bakwai, na farko da ƙasa. Na ɗauki finjali, na dirje shi da jar ƙasa, Ammu Salim ya ce, "Wahid." Na ɗauraye, ya ce, "Itnen." Haka har bakwai, ya ja ƙwayar carbi ɗaya, Kawu ya karɓa ya goge.

Kun san mutanen Madina da son kallo. Mota ɗaya ta tsaya, ta biyu ta tsaya don ta ga me ta farko take kallo. Kafin in kai finjali na goma an yi da'ira. Ƙirgar ta fita daga bakin Ammu Salim ta koma bakin jama'a. Wasu na yi da Larabci, wasu ma'aikatan gona 'yan Nijar da Chadi na yi da Hausa, suna rige-rigen wa zai fi ƙarfi. Duk lokacin da aka kai bakwai sai wani mai tifa ya danna hon, a kwashe da shewa. Farar rigata ta koma ja, yatsuna suka yi yaushi, gumi na shiga min ido. A finjali na ashirin da bakwai na yi wa Ammu Salim wayo na tsallake ɗauraya ɗaya. Ya ɗaga carbi ya ce, "La, la, la! Sitta ne wannan, shida. Min awwal, daga farko." Taron ya ɗauki ihu kamar an ci ƙwallo, na koma na faro shi daga ƙasa. Ni kaina dariya nake yi, hawaye na zuba, ban san na wanne ne ba. Saruk kuwa yana bayan mota ya ɗora haɓa a kan ƙarfe yana bin hannuna da ido, shi da ya jawo komai.

Rana ta yi ja sannan na ajiye na arba'in. Kawu ya jera su a tire suna sheƙi, ya ɗauko dallar da ya dafa da hannunsa. Sai ya miƙo min ita, ya ce, "Kai za ka zuba."

 Na riƙe dalla a hagu. Na ce Ammu Salim ya zaɓa da kansa. Ya sa yatsa ya nuna ɗaya daga tsakiya. Na zuba ɗan kaɗan a gindi, na miƙa masa da dama. Ya juya finjalin, ya leƙa cikinsa, ya yi bisimilla, ya kurɓa. Ya ɗan tauna wani abu tsakanin haƙoransa, ya ce, "Akwai ɗanɗanon Awali a ciki." Wasu suka yi dariya. Ni ban yi ba, hannunsa nake kallo.

Ya miƙo finjalin a tsaye, bai girgiza ba.

Na ƙara. Ya sha, ya miƙo, bai girgiza ba. Mutumin da a iya sanina bai taɓa wuce uku ba, ranar sai da ya sha biyar. Kafin ya girgiza, sauran dattawan shida sun miƙo hannu, na bayansu ma suna cewa a ba su. Tiren nan ya watse cikin taro, Kawu na gudu yana ɗora wata dallar.

Ammu Salim ya tashi zai tafi, sai ya tsaya ya nuna bayan wanet da carbinsa. "Wancan miskinin fa? Tun ɗazu yana kallo. Shi ba shi da zunubi, ya Haruna, kai ne ka ba shi. A'ɗi, ba shi haƙƙinsa." Ya ɗaga yatsa. "A takarda!"

Na ruga ciki na zaro bindiga daga ƙanƙara. Ranar ba wutsiya na ba shi ba, sabon kirim na matsa masa a babban kofi har ya yi tozo. Da jin "fsss" Saruk ya miƙe, jela ta fara bugun ƙarfe, ya tsoma fuska ya fito da hanci fari, jama'a suna tafi. Ina tsaye da laka har gwiwar hannu ina dariya kamar wawa, sai na ji Kawu a bayana. Ya karɓi bindigar daga hannuna ya mayar da ita cikin ƙanƙara, ya ce, "Kada ta yi zafi. Kuma gobe ka zo da wuri, ya Haruna, akwai suya da yawa."